Me ya sa laftof ke karanta wani faifan DVD ta ƙi wani? Fashin baƙi kan faifai mai hawa biyu

Me zai sa laftof ɗin da ta karanta faifan DVD jiya lafiya lau, yau a saka mata wani sabo fil, babu ko ƙwarzane a jikinsa, ta yi ta gurnani tana juya shi, daga ƙarshe ta ce babu komai a ciki? Ko kuma ta fara kwafe shi, aiki na tafiya, sai an kai wajen rabi ta tsaya cak?

Tambayar ta sake tasowa tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mutane da yawa sun tashi sake ɗora manhaja a tsofaffin kwamfutocinsu, kuma laftof ɗin tokumbo da ke hannun ɗalibai da malamai da masu shagon buga takardu, da dama cikinsu har yanzu suna da gurbin faifai. A zamanin Windows 7, manhajar takan shige faifan 4.7GB har ta bar sarari. Amma Windows 10 na ƙarshe da Windows 11, idan aka sauko da cikakken fayil ɗinsu daga shafin kamfanin, kowanne ya haura 5GB. Mai son ɗora su a faifai dole ya nemi na 8.5GB, wanda aka rubuta DL a jikinsa, wato mai hawa biyu. Daga nan ne rigimar ke farawa.

Amsar da aka fi bai wa mai irin wannan matsala ita ce: "Oga, bairos ne," ko "Windows ɗinka ne ya lalace, sai an yi fomatin." Wannan amsa tana ɓata mini rai, domin na ga an goge wa mutum aikin shekaru a kan matsalar da ba ta da alaƙa da Windows ko kaɗan. Idan laftof tana karanta faifai mai hawa ɗaya tana ƙin mai hawa biyu, kusan kullum maganar haske ce: ko idon injin ya dushe, ko faifan kansa ba ya mayar da hasken da ya isa.

Mene ne hawa biyu?

Mu daidaita suna tukuna. Abin da ke karanta faifai a laftof, masu gyara na ce masa sidirom ko da DVD yake karantawa. A nan zan riƙa ce masa injin faifai. Ɗan gilashin nan mai sheƙi da ake gani idan an jawo tiren waje, shi ne ido, kuma ta cikinsa hasken lesa ke fita ya bugi faifai ya dawo.

Faifan DVD ba falle ɗaya ba ne. Roba biyu ce, kowace mai kaurin milimita 0.6, aka manne su, bayanan kuma suna tsakiya. Su bayanan ’yan mitsi-mitsin alamomi ne da aka jera a kan layi guda mai kewayawa, ya faro daga cibiya ya yi ta naɗuwa har baki, daidai yadda ake ɗinka faifan kaba. Tsakanin zagaye da zagaye maikiromita 0.74 ne kawai, shi kuwa maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Faifai mai hawa ɗaya shimfiɗar bayanai guda gare shi, yana ɗaukar 4.7GB, kodayake Windows kan nuna kusan 4.4 saboda bambancin lissafi. Shi ne ake kira DVD-5. Mai hawa biyu, wato DVD-9, shimfiɗa biyu gare shi, ɗaya a bayan ɗaya, kuma duk ta fuska guda ake karanta su. Yana ɗaukar 8.5GB. Kada a haɗa shi da faifai mai fuska biyu, wanda sai an fito da shi an juya. Wannan daban ne.

Wani zai ce ai biyun 4.7 shi ne 9.4, ina sauran? Masu tsara DVD sun san tun farko cewa karanta hawa biyu zai yi wa ido wuya, sai suka ɗan tsawaita alamomin da kusan kashi 10 cikin 100, daga maikiromita 0.40 zuwa 0.44, don a fi ganinsu. Wato tun a kan takardar tsari an amince cewa wannan faifai ya fi wahalar karantawa.

DVD ya fito kasuwa a Japan a 1996, kuma tun lokacin akwai mai hawa biyu a cikin tsarinsa, amma bugun masana'anta kaɗai, irin na fina-finai. Wanda mutum zai iya ɗora wa bayanai da kansa sai daga baya ya zo: kamfanonin Philips da Mitsubishi Kagaku suka sanar da DVD+R DL a 2003, ya shiga kasuwa a 2004, sannan DVD-R DL ya biyo baya a 2005. Wannan tazara ta shekaru tana da muhimmanci, za mu dawo kanta.

Hasken da ke dawowa

A nan gizo ke saƙar. Injin faifai ba ya taɓa faifai, haske yake aikawa ya jira abin da zai dawo. A faifai mai hawa ɗaya, bayan bayanan akwai madubi cikakke, kuma ƙa'idar DVD ta ce ya mayar da kashi 45 zuwa 85 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. A mai hawa biyu ba zai yiwu hawan farko ya zama cikakken madubi ba, don in ya zama haka ya tare na bayansa. Sai aka yi shi shara-shara: ya mayar da wani haske, ya bar wani ya wuce. Hasken da zai karanta hawa na biyu kuma sai ya ratsa na farkon sau biyu, da tafiya da dawowa. Sakamakon haka kowane hawa kashi 18 zuwa 30 kawai yake mayarwa.

A kwatanta da mutum riƙe da tocila yana neman allura a ɗaki. In batir sabo ne, zai gan ta ko da akwai labule mai shara-shara tsakaninsu. In batir ya fara sanyi, abin da ke gabansa a fili zai ci gaba da gani, amma na bayan labule ya ɓace masa. Ba tocilar ce ta mutu ba, ƙarfinta ne ya ragu. Haka injin da idonsa ya fara dushewa: faifan 4.7 na ba shi haske mai yawa, sai ya karanta, mai shi ya ɗauka lafiyarsa ƙalau. Mai hawa biyu ne ke fara tona asirin.

Ga kuma ƙarin wahala. Tsakanin hawa biyun akwai tazarar da ba ta wuce kusan maikiromita 55 ba, kwatankwacin kaurin silin gashi. Idon yana rataye ne a kan siraran wayoyi, maganaɗisu na ɗaga shi yana sauke shi don ya saita gani a kan hawan da ake so, alhali faifan na gudu. Da an saka faifai, abu na farko da injin ke yi shi ne ya ɗaga ido sama ya sauke, yana auna hasken da ke dawowa don ya gane wane irin faifai ne. In hasken ya yi rauni sai ya kasa tantancewa, ya sake gwadawa, ya sake. Wannan ne ƙarar "ƙyas, ƙyas" da tashi da tsayawar da ake ji kafin kwamfuta ta ce a saka faifai.

Akwai hujjar da ake yawan kawowa: "Ai tana cin CD, don haka injin lafiya yake." Wannan ba hujja ba ce. Lesa biyu ne a cikin injin. Na CD daban, mai tsawon zango nanomita 780 (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiromita), wanda idon mutum bai cika gani ba. Na DVD ja ne, nanomita 650. Ɗaya na iya tsufa ya bar ɗaya da ƙarfinsa.

Me ke dusar da ido? Na farko ƙura, kuma duk wanda ya yi hunturu a Kano ko Damagaram ya san babu inda ba ta shiga. A laftof abin ya fi muni, domin idon a jikin tiren yake, duk buɗewa sai ya fito sarari. Na biyu hayaƙi: na girki, na sigari, na maganin sauro, har da turaren wuta, wanda ke barin wani ɗan maiƙo a kan gilashi, ƙura ta zo ta manne. Na uku tsufa. Lesa na rage ƙarfi da yawan aiki, zafi kuma na gaggauta hakan, ga shi injin laftof siriri ne, a matse yake kusa da abubuwan da ke ɗaukar zafi.

Ba laftof kaɗai abin ya taɓa shafa ba. A 2008, da kamfanin Nintendo ya fitar da wasan Super Smash Bros. Brawl a faifai mai hawa biyu, na'urorin Wii da yawa da ke karanta sauran wasanni lafiya sun kasa karanta shi. Kamfanin ya danganta abin da dattin ido, ya kuma karɓi na'urorin yana gyarawa kyauta.

Dalilin tsayawa a rabi

Yawancin faifai masu hawa biyu, musamman na bidiyo da waɗanda ake ɗora wa bayanai a gida, an tsara su ne ta yadda hawan farko zai faro daga cibiya zuwa baki, na biyu kuma ya faro daga baki ya dawo cibiya. An yi haka ne don ido ya sauya hawa a inda yake, ba sai ya koma farko ba. Shi ya sa a wasu na'urori fim kan ɗan tsaya kamar ƙiftawar ido a tsakiyarsa sannan ya ci gaba. Wannan ba lalacewa ba ce.

Amma a lura da inda sauyin ke faruwa idan faifan ya cika: a bakin faifai. Nan ne faifai ya fi rawa idan ya ɗan lanƙwashe, nan yatsu ke riƙewa, nan ƙwarzane ya fi yawa, kuma a faifai mai arha nan ne sinadarin da aka shafa ya fi rashin daidaito. Wato ana neman ido ya yi tsalle mafi wuya a wuri mafi muni. Duk lokacin da kwafi ko rubutu ya mutu a wajen kashi 50, to a kan sauyin hawa ya mutu. Bairos bai san rabin faifai ba.

Wani ƙaramin abu da ake rainawa: a laftof, hannu ne ke danna faifai a kan cibiyar tire har sai ya yi ƙara ya zauna. In bai zauna sosai ba, ko laftof ɗin na kan cinya ko katifa a karkace, rawar bakin faifan na ƙaruwa.

Karatu daban, rubutu daban

Dole a raba matsala biyu da ake cakuɗawa. Kowane injin DVD, komai tsufansa, an ƙera shi ya karanta faifai mai hawa biyu bugun masana'anta. In ya kasa, da matsala a ido ko a faifan. Amma rubutawa, abin da ’yan kasuwa ke kira bonin, ba kowane inji ke iyawa ba. Akwai laftof da yawa da suka zo da injin da ke rubuta CD ya karanta DVD kawai. Akwai masu rubuta DVD na 4.7 amma ba sa rubuta DL. A duba gaban tiren, galibi akan buga alamun abin da injin ke iyawa. In babu, manhaja irin su ImgBurn ko Nero InfoTool kan jero su. Injin da bai iya ba, babu direban da za a sauko da shi, wato manhajar da ke haɗa Windows da inji, ya koya masa.

Idan kuwa ya iya amma yana lalata faifai, abin da na fi zargi shi ne faifan. Kowane faifan da ba a rubuta ba yana ɗauke da lambar masana'antar da ta yi shi, kuma sunan da ke kan kwali ba lallai ya zama na masana'antar ba. A cikin injin akwai wata ’yar manhaja da aka dasa masa, wadda ake kira famwaya, tana ɗauke da jerin waɗannan lambobi da irin ƙarfin hasken da ya dace da kowanne. Faifan Verbatim masu lamba MKM-001 da MKM-003 sun yi suna wajen masu wannan sana'a, saboda kusan kowane inji ya san su. In injin ya ci karo da lambar da bai sani ba, sai ya yi kirdado. A faifan 4.7 kirdadon kan wuce, a mai hawa biyu da wuya. Ga kuma jabu, masu ɗauke da lambar wani kamfani alhali kayan ciki ba nasa ba ne.

Kafin ya fara rubutu, injin kan gwada ƙarfin haskensa a wani ɗan wuri kusa da cibiyar faifai. In gwajin ya gaza, sai manhaja ta fito da saƙon "Power calibration error". Ma'anarsa ɗaya ce cikin biyu: ko lesa ba ta da ƙarfin ƙona wannan faifai, ko injin bai san faifan ba. Rubuta hawa biyu na neman ƙarfi fiye da rubuta hawa ɗaya, don haka a nan ma shi ke fara nuna gajiyar lesa.

Gaggawa ma na ɓata faifai. A rubuta da gudun 2.4x ko 4x. A gudun 2.4x cikakken faifai kan ci kusan minti 45, kuma na san da wuya mai shago da layin mutane a gabansa ya yi wannan haƙuri, amma faifan DL ya fi na 4.7 tsada, asarar biyu ko uku ta fi minti 45 ciwo. A jona caja, a ajiye laftof a kan tebur, a kuma bar manhajar ta sake karanta abin da ta rubuta don tabbatarwa.

Sai maganar tazarar shekarun nan. Injin da aka ƙera kafin 2004, da tsofaffin na'urorin DVD na falo, ba su san akwai wani abu DVD+R DL ba. Suna duba wata alama a farkon faifai da ke faɗin irinsa, in ba su gane ta ba sai su ƙi shi, alhali idonsu zai iya karantawa. Wasu injina na ba da damar a sauya alamar lokacin rubutu ta koma DVD-ROM, sai tsohuwar na'ura ta ɗauka bugun masana'anta ne ta karɓa. ImgBurn na da wurin yin haka. Da faifan +R DL ake wannan dabara, ba a yin ta da -R DL, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka fi son na farkon.

Masu kama da ita amma ba ita ba

Akwai matsaloli uku da ke rikita mutane, kuma ɗaya cikinsu ta fi yaudara.

Ita ce lambar yanki. Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya-shiyya: Amurka 1, Turai da Japan 2, Najeriya da Nijar da yawancin Afirka da Indiya 5. Fina-finan asali galibi a DVD-9 suke zuwa, kuma su ne ke ɗauke da wannan kulle. Laftof ɗin da aka yi amfani da ita a Amurka tana iya zuwa an saita injinta a yanki na 1. Sai mai ita ya ga tana karanta faifan bikin da aka buga a unguwa tana ƙin fim ɗin asali, ya ɗauka hawa biyu ne matsalar. Bambancin a fili yake: in lambar yanki ce, kwamfuta za ta ga faifan, ta nuna sunansa da foldar VIDEO_TS, kunnawa ce kawai za ta ƙi. Ana sauya yankin a Device Manager, wurin da Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, amma a yi hattara, sau biyar kacal injin ke yarda, daga nan ya kulle a kan na ƙarshe, ko an yi fomatin ba zai buɗe ba.

Ta biyu, tun daga Windows 8 Microsoft ya daina haɗo abin kunna fim ɗin DVD a cikin manhajarsa. Faifan na karantuwa, abin kunnawa ne babu. Manhajar VLC na magance wannan, kuma kyauta ne.

Ta uku ita ce wadda da gaske laifin Windows ne: wasu manhajojin bonin kan bar saura a rajistar Windows, inda yake ajiye saitunansa, a wuraren da ake kira UpperFilters da LowerFilters, sai injin ya ɓace gaba ɗaya, a ga alamar gargaɗi da lamba 19 ko 39 a Device Manager. Amma wannan ba ta zaɓen faifai. CD da DVD, hawa ɗaya da hawa biyu, duka take hanawa. Ko ita ma ba fomatin ne maganinta ba, goge waɗannan layuka biyu ne a sake kunna kwamfuta.

Bin sawun matsalar

A fara da abin da ba ya cin kuɗi. A kai faifan da ya ƙi wata kwamfuta ko na'urar DVD. In can ma ya ƙi, an gama magana, faifan ne. In ya yi, a dawo a gwada laftof ɗin da wani faifai mai hawa biyu bugun masana'anta, wanda bayansa fari ne kamar azurfa ko mai ɗan ruwan zinariya, ba mai ruwan shuni irin na bonin ba. In ta karanta bugun masana'anta ta ƙi na bonin, ido ya fara rauni ko kuma bonin ɗin ne bai yi kyau ba. In duka ta ƙi amma tana cin 4.7, ido ne.

Mai son ya kawar da shakka game da Windows, ya tayar da laftof ɗin da Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, daga filash, ba tare da ya ɗora shi ba, ya saka faifan. In a can ma ya ƙi, Windows ya fita daga zargi, babu kuma wanda zai sake kawo maganar fomatin.

Sai goge faifai: ƙyalle mai laushi, daga cibiya a ja zuwa baki a miƙe. Kada a goge a kewaye, domin ƙwarzanen da ya bi layin bayanai ya fi wanda ya gitta shi illa.

Sai goge ido, kuma a nan laftof ta fi kwamfutar tebur sauƙi, tunda idon a fili yake. A buɗe tire, a kashe kwamfutar, a samu tsinken auduga irin na goge kunne, a ɗan jiƙa shi da sinadarin isopropyl, ba sharkaf ba, a shafa a hankali kamar ana taɓa idon jariri, a bar shi ya bushe. Kada a danna, wayoyin da ke riƙe da shi sirara ne ƙwarai. Kada a kusanto da fetur ko tina ko abin goge farce: idon yana kama da gilashi amma galibi roba ne, za su cinye fuskarsa. Faifan goge ido mai ɗan burushi da ake sayarwa ban yarda da shi a laftof ba, don yakan bugi idon yana gudu.

In an goge bai yi ba, kuma matsalar ta rubutu ce, a duba ko akwai sabuwar famwaya. Sunan injin na nan a Device Manager: HL-DT-ST na Hitachi da LG ne, TSSTcorp na Toshiba da Samsung, Matshita na Panasonic, Optiarc na Sony da NEC, PLDS na Philips da Lite-On. A shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ake nema, da ainihin lambar injin. A tabbata batir a cike yake kuma caja na jone, domin in wuta ta yanke ana tsakiyar wannan aiki, injin ya tafi ke nan. Famwaya na ƙara wa inji sanin sababbin faifai, amma ba ta mayar wa tsohuwar lesa ƙarfinta.

Inda masu gyara suka rabu

Idan an tabbatar ido ne, ra'ayi ya kasu. Wasu masu gyara kan buɗe injin su murɗa wani ɗan ƙaramin noti da ke kan allon idon, wanda ke ƙara wa lesa wuta. Hujjarsu ita ce injin ya riga ya kama hanyar mutuwa, in an samu wata shida a kansa riba ce. Gaskiya ne wani lokaci yakan farfaɗo. Amma lesar da ta tsufa in aka ƙara mata wuta sai ta ƙara saurin ƙonewa, in kuma hannu ya zarce kaɗan, nan take za ta mutu, har faifan 4.7 ɗin da take ci a rasa. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Ni ina ganin ba a yin haka sai an faɗa wa mai kaya gaskiya ya amince.

Wasu kuma na cewa a canza injin kawai, kuma sun fi kusa da daidai. A yawancin laftof noti ɗaya ne a ƙasa ke riƙe da shi, a kwance a zaro. Abin lura shi ne kauri, akwai mai milimita 12.7 akwai mai 9.5, sannan mahaɗin baya, domin tsofaffin laftof na amfani da IDE, na baya-bayan nan SATA. Murfin gaba da ɗan ƙarfen baya ana cire su daga tsohon a mayar wa sabon. Matsalar ita ce abin da ake samu a kasuwa galibi ciro ne daga wata laftof ɗin da ta mutu, shekarunsa ɗaya da wanda ake cirewa. Don haka mai saye ya tafi da faifansa mai hawa biyu a aljihu, a gwada a gabansa har ya wuce rabi. Gwaji da CD ko faifan 4.7 ba ya nuna komai.

Akwai injin waje mai jonuwa ta USB. Yana aiki, sai dai a san cewa ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, USB 3.0 kuma 900, rubuta hawa biyu kuwa na jan wuta. Shi ya sa wasu ke zuwa da waya mai kai biyu, kuma duka biyun ake jonawa.

Rukuni na uku na cewa a rabu da faifai baki ɗaya, a cire injin a sa abin ɗaukar SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, a gurbinsa. Ga mai son ɗora Windows kawai, ina tare da su ɗari bisa ɗari. Filash mai 8GB da manhajar Rufus, ko kayan aikin da Microsoft ke bayarwa, sun fi faifan DL sauri da tabbas, kuma ana sake amfani da filash ɗin. Babu dalilin da mutum zai ƙona faifai uku a kan aikin da filash zai gama cikin ɗan lokaci.

Faifan da ke cikin durowa

Inda na rabu da rukuni na uku shi ne abin da aka riga aka ajiye. Bidiyon aure da na suna, hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, karatuttukan tafsiri na shekaru, takardun ofis, kundin digiri, hoton asibiti da aka ba majiyyaci a faifai. Masu ɗaukar bidiyon biki da yawa sun yi amfani da DL don dogon taro ya shiga faifai guda. Waɗannan duk na bonin ne, kuma bayanansu ba a ƙarfe aka buga su ba, a jikin wani sinadari mai launi aka ƙona su, wanda zafi da rana da laima ke ci a hankali. Faifan da tun yana sabo kashi 18 zuwa 30 yake mayarwa, ba shi da rarar da zai yi asara. Ga faifai na tsufa, ga injinan da za su karanta shi na tsufa, sababbin laftof kuma sun daina zuwa da gurbin faifai tun da daɗewa.

Saboda haka wanda laftof ɗinsa ta fara ƙin faifai mai hawa biyu, kafin ya yi tunanin gyara, ya tattaro irin waɗannan faifai ya nemi injin da ke karanta su. Babban injin kwamfutar tebur yakan karanta abin da na laftof ya kasa, kuma faifan da ya ƙi a inji ɗaya yakan buɗe a wani, don haka kada a jefar da shi bayan gwaji guda. In yana tsayawa a rabi, akwai manhajar ddrescue a Linux, wadda ke kwafe duk inda ya karantu ta tsallake wurin da ya ƙi, ta riƙe lissafin inda ta tsaya, sannan a kai faifan wani injin ta ci gaba da cike guraben daga nan. A ranar da faifan ya buɗe a kwafe shi gaba ɗaya, a ajiye kwafin a wuri biyu daban.